BIRKIN FAIFAI A JIKIN KEKE: YADDA AKE ƊAURA SHI DA DAIDAITA SHI

Gabatarwa

Idan aka ambaci keke, abin da ke fara zuwa a zuciyar Bahaushe shi ne baƙin Raleigh, wanda muke kira Rali, ko kuwa Phoenix mai kariya a baya da ƙararrawa a gaba. Birkin irin waɗannan kekuna sandunan ƙarfe ne da ke jawo robobi biyu su dafe bakin wili. Da su iyayenmu suka je gona, da su suka ci kasuwannin ƙauye, kuma babu garin da za ka shiga ka rasa mai gyaransu a gindin bishiya. To amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Kekunan da ake shigowa da su a yau, sababbi 'yan ƙasar Sin da na gwanjo waɗanda muke kira 'yan Kwatano, da yawansu da wani irin birki na daban suke zuwa. Wani ɗan faifan ƙarfe ne mai huji-huji a tsakiyar taya, irin wanda ake gani a ƙafar gaba ta wasu babura. Shi nake kira birkin faifai a wannan maƙala.

Ni mazaunin Jikwoyi ne, ɗaya daga cikin garuruwan da ke kewaye da birnin Abuja, a kan hanyar da ta taso daga Nyanya ta ratsa Karu, ta wuce Kurudu da Orozo har zuwa Karshi. Asali garin Gbagyi ne, amma a yau babu ƙabilar da ba ta cikinsa, saboda tsadar haya a cikin birni ta koro ƙananan ma'aikata da 'yan tireda da masu sana'ar hannu zuwa nan. Da safe kowa birni ya nufa, da yamma kowa ya dawo. Tun ranar 1 ga Oktoba, 2006, lokacin da Malam Nasir el-Rufa'i yake Ministan Abuja, aka hana acaɓa shiga tsakiyar birnin. Sa'an nan a ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 600 a Abuja kafin ƙarshen watan Yuli na wannan shekarar. Daga nan na fara lura da yadda magidanta da ɗalibai suke komawa ga keke, wasu don zirga-zirgar cikin unguwa, wasu har Karu da Nyanya.

Abin da ya sa na ga dacewar yin wannan rubutu shi ne, keken ya zo amma sanin gyaran birkinsa bai biyo shi ba. Cikin kekuna masu faifai da nake gani, wani yana tafiya yana gurza kamar ana wasa wuƙa, wani sai an matse hannun birki har ya taɓa kan keke kafin ya kama, wani kuma an gaji an cire birkin gaban gaba ɗaya an rataye wayar. Ƙasar nan tamu kuwa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar ta Kano. Tudu da gangare ne, ga lunguna da yawa babu kwalta, ga ruwan sama tun daga Afrilu har Oktoba. Wanda ya taɓa gangarowa Kugbo daga wajen Asokoro ya san abin da rashin birki yake nufi.

Asalinsa A Taƙaice

A mota aka fara shi. Wani injiniya Bature mai suna Frederick Lanchester ya yi rajistar fasahar a Ingila a shekarar 1902, amma ba ta karɓu ba sai bayan da motar Jaguar mai irin wannan birki ta lashe tseren Le Mans na ƙasar Faransa a 1953. A keke kuwa, masu hawan duwatsu ne suka raya shi, saboda taɓo da ruwa suna kashe birkin roba. Kamfanin Hayes na Amurka ya fitar da wanda ya karɓu sosai a 1997. Masu tseren kwalta sun daɗe suna ja da baya, sai a 2018 hukumar tseren keke ta duniya ta halatta musu shi baki ɗaya. Kekunan da Turawa suka hau suka gaji da su, su ne yanzu suke iso mana a gwanjo.

Sassansa Da Sunayensu

A nan dole in ɗan tsaya, tun da mujallar ɗaliban Hausa ce. Wasu sassan keke sun riga sun sami suna a bakin masu gyara, kamar feda da sirdi da noti da washa da boris da alanki. Na birkin faifai kuwa har yanzu kowa da abin da yake kira. Saboda haka na zaɓi sunaye daga abin da sassan suka yi kama da shi, in wani ɗan'uwa yana da waɗanda suka fi su, sai ya kawo a fitowa ta gaba.

Faifai shi ne zagayayyen ƙarfen da ke ɗaure a cibiyar taya, yana juyawa tare da ita. Muƙamuƙi shi ne ɗan dunƙulen da ke ɗaure a jikin keke, wanda faifan yake ratsawa ta tsagarsa. A cikin muƙamuƙin akwai takalman birki guda biyu, ɗaya ta ciki wajen taya, ɗaya ta waje, su ne suke cizon faifan. Sai hannun birki da ke kan keke, wanda mahayi yake matsawa. Abin da ya haɗa hannun da muƙamuƙin shi ya raba birkin gida biyu. In waya ce a cikin kube, birkin waya ke nan. In siririn tiyo ne cike da mai, birkin mai ke nan, wanda makanikai suke kira haidirolik. Mafi yawan kekuna masu rangwamen kuɗi na waya ne.

Dalilin Da Ya Sa Yake Da Tsirfa

Mutane da yawa suna zaton birkin faifai ya fi na roba ne don ya fi shi girma ko sabunta. Ba haka ba ne. Hasali ma ta fuskar wurin da yake kamawa, na roba ya fi shi samun sauƙi. A keke mai taya inci 26, birkin roba yana kama wili ne a wajen santimita 28 daga cibiya. Faifai mai faɗin milimita 160 kuwa, takalman suna kama shi a wajen santimita 7 kacal. Duk wanda ya taɓa tsayar da ƙofa ya san tare ta daga bakinta ya fi sauƙi a kan tare ta kusa da inda aka kafe ta. Ke nan birkin faifai sai ya yi matsa kusan ninki huɗu kafin ya yi aikin da na roba zai yi.

To ina yake samun wannan ƙarfi, alhali da yatsu biyu ake matsa shi? An ƙera shi ne yadda doguwar tafiyar hannun birki take komawa 'yar gajeruwar tafiya mai tsananin ƙarfi a wurin takalman. Hannun zai yi tafiyar santimita biyu ko uku, takalmin kuwa bai fi ya motsa rabin milimita ba. Wannan shi ne mabuɗin duk abin da zan faɗa a gaba. Tazarar da ke tsakanin takalmi da faifai ba ta wuce kaurin kwalin ashana. In ta ɗara haka kaɗan, hannun birki zai ƙare tafiyarsa bai kama ba. In ta gaza haka kaɗan, faifan ya riƙa gurza. Wanda ya saba da birkin Rali, inda ake barin tazarar da za a iya zura tsinke, shi ne yake ganin wannan birki ba ya jin gyara.

Fifikonsa a wani wuri yake. Faifan yana nesa da ƙasa, taɓon damina ba ya kai masa kamar yadda yake kai wa bakin wili, kuma ruwan da ya taɓa shi tsananin matsa yana share shi nan take ta hujojin. Tsohon wili mai ƙyalli kuwa in ya jiƙe, robar sai ta yi ta santsi a kansa kafin ta kama. Haka nan ko wili ya ɗan karkace, birkin faifai bai san ana yi ba.

Akwai kuma batun zafi. Birki ba ya ɓatar da gudu, mayar da shi zafi yake yi. Mu ɗauka mutum da kekensa da kayansa sun kai kilo 100, yana gudun kilomita 30 a awa. Tsayar da shi yana fitar da zafi wajen jul 3,500. Faifan milimita 160 kuwa nauyinsa wajen giram 120 ne, in duk zafin ya taru a kansa zai ƙaru da wajen digiri 60 a tsayawa ɗaya. In mutumin nan ya sauko gangaren da zurfinsa ya kai mita 50 yana riƙe da birki, zafin da zai fita ya kai ninki 14 na wancan. Iska tana kwashe wani abu daga ciki, amma ba duka ba. Shi ya sa ba a kai hannu kan faifai bayan an sauko gangare, kuma shi ya sa a doguwar gangara ake matsawa a saki, a matsa a saki, ana haɗa gaba da baya, maimakon a riƙe na baya kaɗai tun daga sama har ƙasa.

Kafin A Taɓa Noti

Da yawa daga cikin birkin da ake cewa ya lalace, lafiyarsa ƙalau, tayar ce ba ta zauna daidai ba. An je wurin mai faci, ya cire taya ya mayar, ta ɗan karkata kaɗan a mazauninta, shi ke nan faifai ya fara gurza. Saboda haka abu na farko, a tsayar da keke a ƙasa a kan tayoyinsa, a sassauta abin da ya ɗaure tayar, a danna keken ƙasa har sandar cibiya ta shige mazauninta ƙarshe, sa'an nan a ɗaure. A kuma girgiza tayar hagu da dama. In tana da wasa, boris ne ya saki, kuma ba birkin da zai daidaitu a kan tayar da take rawa.

Kekuna da yawa ba noti ke riƙe da tayarsu ba, wata 'yar maɗauri ce da ake lanƙwasawa da hannu. Wannan tana bukatar kulawa ta musamman a ƙafar gaba, domin duk lokacin da aka matsa birkin faifai, ƙarfinsa yana ƙoƙarin fizgo tayar ƙasa ne daga mazauninta. A rufe ta da ƙarfin da zai bar shaida a tafin hannu. Ba ƙaramin abu ba ne. A shekarar 2015 kamfanin Trek ya nemi a dawo masa da kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka da Kanada, saboda in aka bar maɗaurin a sake yana iya buɗewa ya faɗa cikin faifai ya tsayar da tayar gaba cak.

Ɗaura Faifai

Mafi yawan faifai da ƙusoshi shida ake ɗaure shi, kuma kawunansu ba na alanki ba ne, masu siffar tauraro ne, mabuɗinsu shi ake kira T25. Na sha ganin an cusa musu alanki an cinye kan, daga baya sai an koma ga guduma da kurfi. Akwai wani samfurin na kamfanin Shimano wanda zobe ɗaya ne yake riƙe faifan, shi ma da nasa mabuɗin.

A jikin kowane faifai akwai kibiya da ke nuna inda zai juya, kuma rubutun yana kallon waje ne. A ɗora shi, a ɗaura ƙusoshin shida da hannu tukuna, sa'an nan a riƙa matsa su kaɗan-kaɗan ana tsallakawa, in an matsa wannan sai a koma ga wadda take fuskantarta, kamar yadda ake ɗaure tayar mota. Bin su a jere yana sa faifan ya zauna a karkace. Ɗan shuɗin abin da ake gani a jikin zaren ƙusa ba datti ba ne, shi yake hana ta kwancewa, kada a kankare shi. Ƙarfin hannu ɗaya ya wadatar, ba a ƙara wa mabuɗi bututu.

Girman faifai iri-iri ne: milimita 140 da 160 da 180 da 203. Na 180 ya fi na 160 ƙarfin tsayarwa da wajen kashi ɗaya cikin takwas, ya kuma fi shi jure zafi, don haka ya dace da mai jiki ko mai ɗaukar kaya. Sai dai sauya girma yana bukatar wani ɗan ƙarfe da zai ɗaga muƙamuƙin, kuma ba kowace ƙafar keke aka yi ta don babban faifai ba.

Wani zai ce, to ko zan iya sa wa tsohon Ralina faifai? A ganina kada ya fara. Sai cibiyar taya tana da mazaunin faifai, sai kuma jikin keken yana da kunnuwan da ake ɗaura muƙamuƙi. Kai shi wurin mai walda ya liƙa kunne a ƙafar gaba ganganci ne, domin siririyar ƙafar ba a yi ta don ɗaukar wannan murɗa a gefe ɗaya ba, zafin walda kuma ƙara raunana ta yake yi.

Daidaita Birkin Waya

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, a yawancin birkin waya takalmi ɗaya ne kawai yake motsi, wato na waje. Na ciki a kafe yake. In an matsa, na wajen ne yake turo faifan, faifan ya ɗan lanƙwasa ya je ya sami na cikin, su haɗu su cije shi. Ke nan in takalmin ciki ya yi nisa, ƙarfin mahayi zai ƙare ne a lanƙwasa faifai, ba a tsayar da keke ba. Takalmin cikin nan yana da nasa abin murɗawa a bayan muƙamuƙi, ta wajen taya, galibi da alanki mai lamba 5 ake kai masa ta tsakanin wayoyin wili, wani kuma da yatsa ake juya shi. Masu gyara da yawa ba su san da shi ba. Da an ce musu birki ba ya ci, sai su ja waya. Ta sake saki, su ƙara ja. A ƙarshe ɗan hannun da ke jikin muƙamuƙi, wanda wayar take ja, sai ya zama ya riga ya cinye tafiyarsa tun ba a matsa ba. Ranar da aka zo gangare aka matsa da gaske, sai ya dunguri jikin muƙamuƙin ya tsaya, takalmi bai cije ba.

Ga yadda nake bi. Da farko akwai wata 'yar ganga mai zare a inda waya ta fito daga hannun birki, wani lokaci da wata a jikin muƙamuƙi. Sai in murɗa su ciki, in bar zagaye ɗaya ko biyu a waje. Sa'an nan in kwance notin da ya danne waya, in bar ɗan hannun muƙamuƙin ya koma mazauninsa da kansa, in ja wayar da filaya har sakinta ya fita, ba tare da na ɗago hannun ba, in ɗaure. A nan aikin waya ya ƙare.

Daga nan sai in sassauta ƙusoshi biyu da suka ɗaure muƙamuƙi a jikin keke, ba cirewa ba, yadda dai zai iya motsawa hagu da dama. Sai in murɗa takalmin ciki ya matso, ina gwada hannun birki, har sai na ji yana kamawa tun bai kai rabin tafiyarsa ba. In matse hannun in riƙe, ko in ɗaure shi da robar tiyo, ko in sa yaro ya riƙe mini. Matsewar nan ita ke sa muƙamuƙi ya daidaita kansa da faifai. Yana a matse zan ɗaure ƙusoshin biyu, wannan kaɗan, waccan kaɗan, domin in aka ɗaure ɗaya tamau lokaci guda, muƙamuƙin yakan juya ya bi ta. In saki hannun, in mayar da takalmin ciki baya da kwatan zagaye, in juya taya in saurara.

Kunne kaɗai ba ya isa. A shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ko a haska fitilar waya ta ƙarƙashi, a leƙa ta tsagar muƙamuƙi. Abin da ake son gani shi ne siririn haske a kowane gefe na faifan, na ciki ya fi ƙanƙanta, kuma takalman su yi daidai da faifan daga gaba har baya. In hasken ya buɗe a gaba ya rufe a baya, muƙamuƙin ya karkace, sai a sassauta ƙusa ɗaya a tura shi da babban yatsa. Wani lokaci sai an maimaita sau uku ko huɗu. Aikin haƙuri ne, ba na ƙarfi ba.

Bayan wata ɗaya ko biyu ana hawa, takalman za su ci, hannun birki zai fara nisa. Takalmin ciki za a fara matsowa, sa'an nan a cike sauran da 'yar ganga. In kuma an yi duk wannan hannun yana da nauyi ko ba ya komawa da kansa, ƙurar hunturu ce ko tsatsar damina ta shiga kuben waya. A sauya waya da kubenta tare.

Birkin Mai

Shi wannan ya fi sauƙin daidaitawa, domin takalmansa biyu duk suna motsi, kuma da kansa yake matso da su yayin da suke cinyewa. A sassauta ƙusoshi biyu, a matse hannu, a ɗaure, galibi shi ke nan. In ya ƙi, a cire taya da takalman, a tura fistin ɗin biyu su koma ciki da wani abu na roba mai faɗi, a mayar, a matsa hannun sau da yawa, a sake gwadawa. Kada a matsa hannun birki alhali taya tana waje. Takalman za su haɗe, faifai ya rasa hanyar shiga. Wannan yakan faru ne in an cire taya don a sa keke a but ɗin mota, saboda haka a cusa ɗan kwali a tsakaninsu kafin a loda.

Haɗarinsa a wurin mai yake. Iri biyu ne, kuma ba sa ga-maciji. Shimano da Tektro da Magura suna amfani da wani mai na musamman da ake kira minaral. Hayes da Hope da tsofaffin Avid da SRAM kuwa suna amfani da DOT 4 ko DOT 5.1, irin man birkin mota. Ana rubuta wanda ya dace a murfin ɗan tankin da ke jikin hannun birki. In aka zuba man birkin mota a birkin Shimano, robobin ciki za su kumbura su lalace, haka ma in aka juya. Bakanike mai kyakkyawar niyya yana iya kashe birki mai tsada da cokali ɗaya na man da ke shagonsa. In hannun ya yi taushi kamar ana matsa soso, iska ce ta shiga, fitar da ita kuma sai da sirinji da man da ya dace. Wanda ba shi da su ya nemi mai su.

Maiƙo, Kuka Da Karkata

Babban abokin gabar wannan birki shi ne maiƙo. Mun saba duk ƙarfen da ya yi ƙara a ɗiga masa mai, kuma na taɓa ganin mai gyara, da aka kawo masa keke yana kuka, ya ɗauko baƙin mai ya ɗiga a faifai. Kukan ya tsaya, birkin ma ya tsaya. Takalmi yana shan mai kamar yadda tsumma yake sha, in ya sha kuma sai dai a sauya shi. Ko maiƙon yatsa yana rage masa ci, don haka a riƙa kama faifai ta tsakiya. Wajen sa wa sarƙa mai, a ɗiga a hankali, kada a fesa. Wanke faifai kuwa da sifirit na kemis da tsumma mai tsabta ake yi, ban da fetur, ban da kananzir. In takalmi ya yi ƙyalli kawai don zafi, ba mai ya sha ba, a shimfiɗa sanfefa a kan abu mai lebur a goga fuskarsa kaɗan.

Ba kowane kuka ne ciwo ba. Bayan an ratsa ruwa yakan yi ƙara na ɗan lokaci ya daina. Wanda yake yin shuu, shuu, sau ɗaya a kowane zagaye kuwa, faifai ne ya karkace, galibi daga jingina keke da wani ko faɗuwa. A juya taya a hankali a gano wurin da yake taɓawa, a yi masa alama, a juyo shi waje da muƙamuƙi, a kama da sifana mai daidaituwa wadda aka goge tas, a lanƙwasa kaɗan zuwa ɗaya gefen. Kaɗan nake nufi, kamar mai miƙar da cokali. In ya yi mummunan lanƙwasa, a haƙura da shi.

Faifai ma yana cinyewa. Na Shimano yana zuwa da kaurin milimita 1.8, kuma kamfanin ya ce a sauya shi in ya kai 1.5, an ma buga adadin a jikinsa. Takalmi kuwa ni ba na bari abin da ke fuskarsa ya gaza milimita 1, musamman da damina, lokacin da jar ƙasar lungunanmu take haɗuwa da ruwa ta koma tamkar sanfefa. Takalman iri biyu ne, masu taushi da masu garin ƙarfe. Masu taushi ba su da ƙara amma suna saurin ƙarewa a taɓo, na ƙarfe sun fi ƙarko amma suna cin faifai, wasu faifan masu araha ma an rubuta a jikinsu cewa masu taushi kaɗai suke ɗauka. Siffarsu kuma ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, saboda haka mai zuwa saye ya tafi da tsohon a aljihu.

Sabon takalmi ba ya ci sosai sai an hore shi. A nemi miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso da sassafe, a ɗauki matsakaicin gudu, a matsa birki ɗaya da ƙarfi har gudun ya dawo kamar na mai tafiya a ƙasa, a saki ba tare da an tsaya cak ba. A yi haka kamar sau 20 ga na gaba, sau 20 ga na baya. Abin da ke faruwa shi ne takalmin yana shafa wa faifan wani siririn rufi daga jikinsa, kuma da wannan rufi ne cizon yake ƙarfi. Mahayi zai ji bambancin a yatsunsa tun kafin ya gama.

Wane Hannu Ne Na Gaba?

Saura abu ɗaya da ya shafi masu sayen gwanjo. Kekunan da suka fito daga Ingila, inda ake tuƙi ta hagu kamar yadda mu ma muke yi kafin 2 ga Afrilu, 1972, birkin gabansu a hannun dama yake. Na Amurka da yawancin ƙasashen Turai kuwa a hagu yake. A birkin roba mai rauni wannan bambanci bai cika cutarwa ba. A birkin faifai da aka daidaita da kyau, wanda ya damƙe na gaba da dukkan yatsunsa yana zaton na baya ne, zai iya tsintar kansa a gaban keken. Duk keken da mutum bai saba da shi ba, ya tura shi da hannu ya matsa kowane ɓangare ya ga wace taya ce ta tsaya kafin ya hau. A gidan da ake da keke biyu ko uku da yara suke musaya, a mayar da su duka tsari ɗaya. Ni na fi son na gaba a dama, domin a nan yake a jikin babur, kuma yawancin samarinmu suna hawan duka biyun. A birkin waya, musanya wayoyin biyu a wurin hannu bai fi aikin minti goma ba.